Agogon Matuƙi da Minti Gomana

Tun ranar da na dawo daga Garwa ba a bar ni na huta ba. Mutum agogonsa lafiya lau, sai ya zo teburina a bakin kasuwa ya ja benci ya ce a ba shi labarin ƙasar Faransa, yadda muke kiran can ƙetaren iyaka. Malam Sale tela kaɗai ya tambaye ni sau huɗu, kuma kowane karo sai ya katse ni da son jin ko gaskiya ne matansu na hawa babur. To, na gaji. Zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takardar. Har yau kumburin ƙafata bai gama sauka ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ilu mai agogo na unguwar Kumbiya-Kumbiya a nan Gombe. Mahaifina daga Kano ya zo Gombe da fatauci, ni kuwa na zauna a kan gyaran agogo, shekara ashirin da shida ke nan. Ina da wata ɗabi'a da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai iyalina: duk agogon da ya bar hannuna, da ƙarin minti goma yake tafiya. Na san mutanenmu. In ka ba su lokaci daidai, sai an yi raka'a biyu su iso masallaci, ɗan makaranta kuma ya sha bulala a bakin ƙofa. Nawa na hannu ma haka yake, kuma ban taɓa ɗaukar abin a matsayin laifi ba.

Da zan tafi na ce wa kowa kayan gyara zan sayo. Ƙarya na yi. Saboda ɗan farina na tafi. Sunan mahaifina gare shi, shi ya sa ake ce masa Abba, ni kuwa ko Abban ba ya fita bakina, "yaron nan" nake cewa, yadda muka tarar ana yi. Shekara biyu da suka wuce ya zo min da takarda wai an ɗauke shi makarantar koyon tuƙin jirgin sama. A lokacin har na sa kafinta ya yi masa kujera kusa da tawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa ya je, amma ba da yawuna ba. Ya sunkuyar da kai ya tafi. Tun daga nan wasiƙunsa wurin uwarsa suke zuwa, ƙanwarsa ta karanta mata, ni kuma in yi kamar ba na ji daga zaure.

Wasiƙar ƙarshe ta ce ya gama, zai iso gida ranar Alhamis, Asabar da safe ya kama hanyar Kano, daga can a wuce da su ƙasar waje ƙarin karatu, ba a san shekara nawa ba. Bayan kwana biyu maiɗakina Asabe ta ajiye min kwanon tuwo, ta tsaya.

"Malam, haka yaron nan zai hau sama da wannan maganar a kansa?"

Tuwon nan ban iya ci ba. Ni ba mutumin da zai zaunar da ɗansa ya ce na yi kuskure ba ne, harshena ba zai juya ba. Abin da na sani a duniya agogo ne, sai na ƙudurta in samo masa wanda ya dace da matuƙin jirgi in ɗaura masa da hannuna, shi ya fahimci sauran. Kano ta fi kusa da hankali, amma dangi sun cika ta, kafin in sauka mota labari ya zaga cewa Ilu ya sauko. Kuma tun da kuɗin mai ya shigo, kasuwa ta cika da agogon 'yan kwangila mai ruwan gwal, wanda gumi ke ɓarewa cikin wata uku. Wani direban motar auduga ya ce min akwai kantin wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, a Garwa inda Turawan jirgi ke saye. Na lissafa: in tashi Asabar, in dawo Laraba, in huta kwana ɗaya kafin ya iso.

Tun daga tashar Gombe lissafin ya fara rushewa. Akori-kura muka samu, aka danna mu a baya da buhunan wake da wata tunkiya da ta ɗauki ƙafata a matsayin matashi. Kafin Kaltungo taya ta fashe sau biyu. Direban, wani Ɗanlami, ba ya tsayawa don sallah sai an yi masa ca, amma ko'ina ya hango mai tsire sai ya taka birki. Muka isa Numan da la'asar muka tarar da layin motoci suna jiran jirgin fito, ga aikin gada can ana ta yi, kowa na nuna ta da baki yana cewa baɗi war haka an huta. Mu dai ba mu huta ba, a bakin ruwa muka kwana, sauro ya yi abin da ya ga dama da mu. Lahadi da azahar na shiga Jimeta, na yini neman mai canjin kuɗi, don sabuwar nairar nan tamu ba kowa ke karɓarta a can ba.

Litinin da hantsi muka isa iyaka. Ba wani abu ba ne, sanda ce doguwa a gicciye, da ɗaki ɗaya, da bishiyar tsamiya. Namu na wannan gefen suka duba takarda suka ce Allah ya kiyaye. Na can gefen, jandarma suke ce musu, wani siriri ne mai ɗan gashin baki, da gajeren wando da hula mai baki. Ya juya katin allurata gaba da baya, ya buɗe jakata, ya ci karo da gwangwanin kayan aikina. Da ɗan Fillancin kasuwar Gombe na yi masa bayanin sana'ata. Nan take fuskarsa ta saki, ya kwance agogon hannunsa ya miƙo, wai wata biyar ke nan da ya tsaya, yana ɗaurawa ne don ado. Hatimi na hannunsa, takardata na kan teburinsa, ba sai an yi min fassara ba. Na zauna gindin tsamiya na buɗe, ashe datti ne kawai. Na wanke, na ɗiga mai, na yi masa wani, wato na murza shi, ya kama tafiya. Na dubi na hannuna na saita masa daidai da shi, ban yi tunanin komai ba. Ya buga hatimi har da sara min.

A Garwa na sauka gidan wani fatoma, Alhaji Hamadu, mutumin Katsina da ya daɗe a can har Hausarsa ta fara karkacewa. Ɗakin baƙi ɗaya ne, muka raba da fataken kifi uku da kayansu, har yau in na buɗe jakar nan ƙaurin banda nake ji. Da safe na nemi koko da ƙosai, aka kawo min kofi da madara da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, sai da ya yanke min dasashi. Tuwonsu dai tuwo ne, amma miyar yakuwa ce da kifi kullum, tsami har cikin haƙori. Suna da yawan musabaha, mutum ya gaishe ka ya shiga ɗaki ya fito, sai ya sake miƙo hannu. Kuma Malam Sale, i, gaskiya ne, na ga mata a kan ƙananan babura da idona, har da goyo, ba wanda ya waiwaya ya kalle su sai ni. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rufe gari da rana. Sha biyu na bugawa, kanti da ofis kowa ya ja ƙofa sai biyu da rabi, ko gobara ake yi. Mu nan wannan lokacin ne ciniki ke kankama.

Talata Alhaji Hamadu ya raka ni kantin Kwaran. Na ce a fito min da mafi kyau, aka jera min tire. Idona ya faɗa kan wani na gwal na gaske, fuskarsa fara tas tana walƙiya, lambobinsa sirara, maɗaurinsa sarƙa. Na ɗaga shi na ji nauyi. A raina na ce in yaron nan ya ɗaga hannu a cikin Turawa, za su san ubansa ba ƙaramin mutum ba ne. Na ce a ajiye min zuwa gobe, don ban taɓa sayen agogo ranar da na fara ganinsa ba.

Bayan la'asar muna zaune kan tabarma a ƙofar gidan fatoma, ina ta zuba labarin agogon gwal, sai na ji wani tsoho a gefe yana dariya ƙasa-ƙasa. Na tsani a yi min haka. Alhaji Hamadu ya ce in yi haƙuri, Bappa Yero ne maƙwabcinsa, ya shekara ashirin da wani abu yana zuba wa jirage mai a filin jirgin garin. Tsohon ya ce shi dai ya ga hannun matuƙa ba iyaka, don su ke sa hannu a takardar mai, amma bai taɓa ganin mai irin wanda nake faɗa ba. Na ce masa ni shekarata ashirin da shida ina buɗe cikin agogo. Ya ce bai musa ba, amma na taɓa hawa jirgi? Ban taɓa ba.

Sai ya yi min bayani a hankali, rabi Hausa rabi Fillanci. Ya ce can sama rana ba ta da shamaki, farar fuska da gwal haske za su watso wa mutum a ido. Nasu baƙi ne wuluk, lambobi farare manya, waɗanda za ka karanta da wutsiyar ido hannunka na kan aiki, kuma su yi haske in an shiga duhu. Abin wani ya zama babba, yadda mai safar hannu zai kama. Jirgi na jijjiga, ga ƙarafa da wayoyi masu jan agogo, don haka sai mai ƙwarin ciki. Maɗauri na fata, don sarƙa na tsinkewa. Amma babban abin, in ji shi, shi ne in ka ja abin wani, hannun sakan ya tsaya cak. Ya ce ya sha ganinsu kafin tashi, su tsaya kusa da rediyo kowa ya ja nasa, ana buga ƙarar lokaci su danna tare.

Na ce wannan kuma wahalar da kai ce, sakan me zai yi wa mutum? Ni da nake ƙara wa duk Gombe minti goma, ban ji wanda ya mutu ba. Da alfahari na faɗa, ina jiran a yi dariya. Bappa Yero bai yi ba. Ya ce matuƙi na gaya wa mutanen ƙasa ta rediyo cewa minti kaza zai wuce wuri kaza, da wannan maganar ake ba wani jirgin hanya. A cikin gajimare ba wanda ke ganin wani, agogo ne idonsu. Ya dube ni ya ce:

"A ƙasa taimako ka yi musu, Malam. Ɗanka kada ka yi masa."

Na tuna agogon da na ɗaura masa ranar da ya shiga sakandare, da minti gomansa a ciki, kuma ban san ko da shi ya tafi makarantar jirgin ba. Tsoro na ji, tsoro sosai, irin wanda na ɓoye a cikin faɗa shekara biyu. Ashe ba kujerar da na sa aka yi ce ta dame ni ba, saman ce nake tsoro. Tuwon ranar ma ban ci ba.

Laraba da sassafe na koma kanti da Bappa Yero. Kwaran ya ɗauko na gwal yana murmushi, na ce ya mayar. Ya ɓata rai, ya jawo wani aljihun tebur na ƙasa ya fito da baƙaƙe uku. Na ce zan buɗe bayansu, ya ce ba a yi. Da ya ga na manna madubin aikina a ido na riƙe abin buɗewa yadda ake riƙewa, sai ya ja baya ya harɗe hannu. Na farko na ja abin wani, hannun sakan ya ci gaba da tafiyarsa, na ture shi. Na biyu na cusa kaina da shi cikin babbar rigata don in ga haskensa a duhu, matar Kwaran tana ta ƙyaƙyata dariya, hasken kuwa dishi-dishi ne, na ture shi. Na uku ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ya yi haske, cikinsa kuma akwai wani murfin ƙarfe na biyu da ban taɓa gani ba, aiki mai tsabta har na ji kunyar teburina. Muni kam yana da shi, baƙi kamar gindin tukunya. Shi na saya.

A gidan Bappa Yero muka saita shi da rediyo. Na ja abin wani na jira, ana buga ƙarar na danna. Wallahi sai da na riƙe yatsana da ɗayan hannun, don da kansa yake son murzawa gaba. Ya kamata in kama hanya a ranar, amma ban yarda in ba yaron nan agogon da ban ga kwanansa ba. Alhamis da safe muka sake gwada shi da rediyo, bai gusa ba. Na naɗe shi a ƙyalle na sa a aljihun ciki, na yi sallama. Lissafina ya nuna in na ƙetare iyaka kafin a rufe, zan samu motar Numan a Jimeta, in yi sallar Juma'a a Gombe.

Muka iso iyaka, na leƙa baƙin agogon, sha biyu saura minti goma. Na yi hamdala. Ina ɗaga kai sai ga jandarman nan nawa yana sauke sanda yana sa kwaɗo. Direba ya sauka yana roƙo, shi kuwa ya ɗaga hannu ya nuna agogonsa: sha biyu cif. Da ya hango ni sai ya taho da fara'a, ya kama hannuna da hannu biyu, yana gaya wa mutane wannan ne gwanin da ya tayar masa da agogo, tun Litinin bai yi kuskure ba. Me zan ce? In ce agogon jandarma ƙarya yake yi, kuma ni na koya masa? Ya hau kekensa ya tafi cin abinci. Fasinjoji suka yi ta tsine wa ƙasar da dokokinta, ni na zauna gindin tsamiyar nan har biyu da rabi.

Wannan zaman shi ya cinye min kwana guda. Muka tarar motocin Numan sun tashi, na kwana a Jimeta. Juma'a mota ba ta cika ba sai da aka sauko daga masallaci, a Numan muka sake bin layin jirgin fito, a Kaltungo direba ya ce fitilarsa ta mutu, ba zai ƙara taku ɗaya ba. Yaron nan yana gida tun jiya, yana ganin ɗakina a rufe, kuma na san abin da zai ɗauka: ubansa ya bar gari don kada su haɗu. Wannan tunanin ya fi ciwon bayan da nake ji.

Asabar bayan asuba muka tashi. Ban bi ta gida ba, a tasha na sauka, rigata duk jar ƙasa, ina warin kifi. Bas ɗin Kano na tsaye, irin sababbin nan masu tashi ƙarfe takwas ko sun cika ko ba su cika ba, injin na ruri. Na dubi hannuna, takwas daidai. Sai na hango yaron nan a bakin ƙofar bas da jakarsa, ya ƙara tsawo, ya rame, ƙanwarsa na gefe tana share ido. Ya gan ni, ya ajiye jaka ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na amsa ina kallon gefe. Na zaro ƙyallen, na kama hannunsa na hagu. Tsohon agogon sakandaren ne a ɗaure. Na kwance shi na sa a aljihu, na ɗaura masa baƙin, da ƙyar na samu hudar maɗaurin.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya ja abin wani, ya ga hannun sakan ya tsaya, ya mayar da sauri. Ya tambaye ni a hankali ko daidai yake.

"Daidai yake," na ce. "Ban ƙara masa komai ba."

Direba ya danna oda. Na ce masa ya shiga, takwas ta yi, kada a tafi a bar shi.

"Naka ne ya ce takwas, Baba," in ji shi. "Saura minti goma."

Direban ya leƙo ta taga yana nuna nasa agogon yana faɗa. Na san agogon, wata biyu da suka wuce na canja masa gilashi. A gaban duk mutanen tasha na ce masa ni na gyara shi, akwai ƙarin minti goma a ciki, kuma duk wanda ya taɓa kawo min agogo a garin nan haka nasa yake. Ya dube ni, ya dubi hannunsa, ya kashe injin. Daga nan ne asirina ya tonu, shi ya sa wasunku ke zuwa jin labarin Garwa suna hararata.

Muka zauna a bencin mai shayi, ni da yaron nan. Ba mu yi wata doguwar magana ba. Ya tambayi hanya, na ce da wuya. Na tambaya ko suna ba su abinci sosai a can, ya ce suna bayarwa. Da lokaci ya kusa na dafa kansa na ce Allah ya yi masa albarka, ya kai shi lafiya ya sauko da shi lafiya, da yawuna. Ya ce amin, bai ɗago ba, ni ma ban so ya ɗago ba. Takwas ta buga a hannunsa, ya tashi ya shiga.

Yanzu duk agogon da aka kawo min daidai nake saita shi, wanda ya makara sallah shi da limaminsa. Na sakandaren kaɗai ban taɓa ba. Yana cikin gwangwanin kayan aikina, kullum da safe ina yi masa wani.